Abin da Na Ɓoye a Kogon Tsamiyar Kucheri

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a, a Gusau, kowane ɗalibin sashen kwamfuta sai ya ƙirƙiro manhaja ya kare ta gaban malamai kafin a sallame shi. Yawancin 'yan ajinmu sun ɗauki abin da aka saba, manhajar ajiye sunayen ɗalibai. Ni ma da ita na je. Malamin da aka haɗa ni da shi ya ture takardar gefe da gindin biro, ya ce ya gaji da rajistar ɗalibai har mafarkinta yake yi, in je in kawo abin da bai taɓa gani ba.

Ni kuwa ba abin da na iya kamar karance-karance. A wani karatun na ci karo da wasan da ake yi a ƙasashe da yawa. Mutum zai ɓoye ɗan gwangwani a wani wuri, da ƙaramin littafi a ciki, ya sa lambobin wurin a intanet. Wasu su bi lambobin da wayarsu har su gano shi. Na koma na yi wa Malam bayani, idona a kan takalmina.

"To in ka gano, sai me?" ya tambaye ni.

"Sai ka rubuta sunanka a littafin, Malam."

"Sannan?"

"Sai ka mayar inda ka ɗauko."

Ya yi shiru. "Wato mutum ya bar aikinsa, ya hau babur cikin rana, ya je ya zaro gwangwani, ya mayar."

"E, Malam."

"Lalle ban taɓa gani ba," ya ce, ya sa hannu. Amma ya kafa sharaɗi. Ranar kare aiki sai na zo da littafi ɗauke da sa hannun wani wanda ba ɗan'uwana ba, wanda ya bi manhajar da kansa ya gano abin. In babu, in shirya maimaita shekara.

Wata huɗu na yi ina gina ta. A fuskar wayar kibiya ce kawai, da lamba a ƙarƙashinta mai nuna saura taku nawa. Don in san tsawon taku ɗaya, na ari tef ɗin tela na auna nawa sau ɗari a tsakar gida, na fitar da matsakaici. Inna tana zaune tana tsince shinkafa tana kallona ina kai da kawowa tsakanin rijiya da turken awaki. A rana ta uku ta tambaye ni ko kaina na ciwo.

Na so wayar ta riƙa magana saboda wanda bai iya karatu ba. Na gwada naɗar muryata, na saurara, kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki, na goge. Sai na roƙi Inna. Na rubuta mata jimloli uku masu ladabi, ta ƙi bin takardar, ta faɗe su yadda take faɗa wa mutanen gida. Haka manhajar ta fito. In kana kan hanya ta ce, "Yauwa, haka nan." In ka kauce ta ce, "Ina kuma za ka? Juyo." In ka iso ta ce, "Ga shi nan gabanka, buɗe idonka."

Saura abin ɓoyewa. Na samo gwangwanaye uku na madara masu murfi. Lokacin damina ne, na ji tsoron ruwa, sai na kai su wurin wani baduku a kasuwa na ce ya rufe mini su da fata, ya bar bakin da za a iya kwancewa. Ya dube ni, ya dubi gwangwanayen, bai tambaye ni komai ba. A lokacin na ɗauka kirki ne. Daga baya na tuna baduku ba ya tambayar abin da aka kawo masa ya ɗinke. Ya yi aiki mai kyau, jar fata, ɗinki ƙanana, har da 'yar maɗauri a sama wadda ban ce ya sa ba.

A ƙa'idar wasan ana zuba 'yan tarkace a ciki, wanda ya gano ya ɗauki ɗaya ya ajiye wani. Na binciki gidanmu na samo abin da ba wanda zai nema: wuri guda biyu, irin kuɗin mutanen da, daga tsohuwar adakar Inna, ɗan kwaɗon ƙofa da makullinsa ya ɓata, da ƙullin baƙin zare. A shafin farko na kowane littafi na ja layuka da rula, gida-gida, na zuba lambobin wurin, kowace lamba a gidanta. A ƙasa na rubuta bayanin wasan da Turanci, tunda da Turanci za a duba aikin. A can sama kuma, da manyan baƙaƙe, na rubuta sunan mai wurin, don duk wanda ya zo ya san ƙasar wani yake takawa, ya kiyaye.

Na farko na ajiye shi a Gusau, a gindin katangar wani fili. Kwana biyu ya yi aka ɗauke shi. Ina jin masu tsintar gwangwani ne. Na biyu na kai Bunguɗu, na cusa shi tsakanin duwatsu a bakin gulbi, bayan na tambayi masu wanki iyakar inda ruwa ke kaiwa, na ƙara taku goma a kai. Aka yi ruwan kwana biyu a jere, da na koma ko duwatsun ban gani ba.

Na uku na kai shi Kucheri, ta wajen Tsafe, garin Kawu, yayan Inna. Ban shiga daji ba, ba wanda ke yin haka yanzu. A bakin gari akwai wata tsamiya mai kogo daidai kafaɗa, a gonar maƙwabcin Kawu, wani dattijo da kowa ke kira Baba. Ƙa'ida ta ce sai an nemi izinin mai wuri. Sau uku na je ƙofar gidansa don haka. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi ruwa, na tambayi gajiya, in na zo kan maganar sai in sake tambayar gida. A karo na uku ya ce wa Kawu ɗan ƙanwarsa akwai ladabi, amma kamar ba ya riƙe amsa. Na haƙura. Na saka abin a kogon da tsakar rana, lokacin da kowa ke hutawa, na koma Gusau.

Wani ɗan ajinmu ya yi mini alkawarin zai je ya gwada. Kullum gobe. Saura kwana tara a kare aiki na ce bari in je da kaina in tabbatar abin yana nan, in ya so in dawo in ja shi ko da rigarsa ne.

Na sauka a mota bayan azahar, na tarar gidan Kawu ba maza. Aka ce duk suna ƙofar gidan Liman. Da na isa na ga an shimfiɗa tabarmi, mutum kamar talatin sun yi da'ira, an bar fili a tsakiya. A tsakiyar filin, a kan faifai, ga jar fatata.

Na zauna a baya kusa da Kawu. Ya matso da bakinsa kunnena ya ce an yi wa Baba sammu, jiya ya je kakkaɓo tsamiya ya gan shi, da sanda biyu aka ɗauko shi.

Baba yana zaune a gaba, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya sa sabuwar hula. Ban ga tsoro a fuskarsa ba. In gaskiya zan faɗa, annuri na gani.

"Wata ukku gwiwag ga na ciwo," yake faɗa wa jama'a. "Kaji huɗu sunka mutu. Ina faɗi ana cewa tsuhwa ce."

"Tsuhwa ce," in ji Kawu. Tare suka tashi, ba a taɓa jin ɗaya ya faɗi magana ɗayan ya yarda ba. "Wa za ya ɓata jar hwata a kanka? Mi gare ka? Jakinka ma ba ya jin maganarka."

"Ka gani da idonka. Kai wa ya taɓa yi ma?"

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya yi addu'o'i, ya tofa, ya sa bakin aska ya kwance maɗaurin. A nan ya kamata in yi magana. Na buɗe baki har iska ta shiga, sai na ga mutum talatin ne, na rufe.

Ya zazzage gwangwanin a faifai. Wuri biyu suka gangaro, jama'a suka ja numfashi. Baƙin zare ya biyo. Da kwaɗon ya faɗo a kulle, wani daga gefe ya ce, "An rufe mai arziki ke nan." Baba ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka tabbatar masa da dama yana da shi.

Liman ya buɗe littafin da tsinke. Ya daɗe yana kallon gidajen lambobina. Ya ce ya ga hatimi iri-iri a rayuwarsa, amma bai taɓa ganin wanda aka zana da boko ba, kuma ko wane ne ya yi shi ba ƙaramin gwani ba ne, don layukan ba wanda ya karkace. Ina jin kunyar faɗa, amma wannan maganar ta yi mini daɗi.

Aka aika kiran mai kemis ya karanta Turancin. Mutumin Kudu ne, Kirista, ya fi shekara ashirin a garin, Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya ƙi taɓa littafin, ya sunkuya hannayensa a baya. Ya fara da karanta sunan Baba, cikakke, har da na mahaifinsa, don sai da na tambayi Kawu na rubuta daidai. Sannan ya fassara sauran, jimla-jimla.

"Ya ce, barka, ka same ni."

Mutanen gaba suka ja da baya, tabarma da tabarma.

"Ya ce, ba bisa kuskure nake nan ba. Ka rubuta sunanka a cikina. In ka ɗauki wani abu, ka bar wani abu a madadinsa. Ka mayar da ni inda ka same ni, kada kowa ya gan ka." Ya miƙe ya share goshi. "Baba, ni a cocinmu ma in aka ga irin wannan, azumi ake yi."

Liman ya ce a kawo wuta. Aka shigo da kasko cike da garwashi, aka ajiye gefen faifan. Na kalli littafin. Shi kaɗai ya rage mini, kuma ko da zan ɗinka wani, bayan wannan taron ba wanda zai sake ɓoye ko allura a Kucheri. Na ga kaina a aji ɗaya da 'yan bayanmu, ina sake gaishe da Malam. Liman ya sa tsinke biyu ya ɗago littafin.

"Nawa ne," na ce.

Ba wanda ya ji sai Kawu. Ya ce, "Mi?"

Na miƙe tsaye. "Allah gafarta Malam, nawa ne. Ni na sa shi. Aikin makaranta ne."

Aka juyo gaba ɗaya. Na yi bayani, kuma ban taɓa yin bayani mara kyau irin na ranar ba. Na fara da tauraron ɗan'adam, na koma kan baduku, na ce a ƙasashen waje har tsofaffi suna yi. Wani ya tambaya me ake samu in an gano. Na ce ana rubuta suna. Aka yi shiru irin wanda malamina na jami'a ya yi.

Baba ne ya fi kowa ƙin yarda. "Ƙarya yaron ga ya kai," ya ce. "Rufa ma wani asiri ya kai. Wanga da ko gaisuwa sai ya maimaita, shi za ya iya wanga aiki?"

"Na hwaɗa maka ba mai ɓata lokaci a kanka," in ji Kawu. "Ashe ma aikin gida ne anka ba yara."

Liman mutum ne mai son a bi abu a hankali. Ya ce in waya ce ke nuna wurin, to a gwada, amma ba tsamiya ba, don kowa ya san nan. Shi zai ɗauki abin ya ɓoye inda ya ga dama, ba tare da ni ba. Na nuna masa inda zai danna in ya ajiye, wayar ta riƙe wurin. Ya mayar da tarkacen cikin gwangwani, wannan karon da hannu amma da bismilla, ya zuba a aljihun babbar riga ya tafi. Aka sa mai kemis ya zauna kusa da ni don kada in leƙa. Da Liman ya dawo ya miƙa wa Baba wayar, ya ce tunda shi ne bai yarda ba, shi zai nema.

Baba ya riƙe ta nesa da jikinsa kamar kwanon miya mai zafi. Na ce ya bi inda kibiya ta nuna. Ya yi taku uku zuwa gabas.

"Yauwa, haka nan," in ji wayar.

Ya tsaya cak. Kawu ya leƙo ta kafaɗarsa. "Wagga ai muryar ƙanwata ce. Haka take yi man tun tana goye da wanga."

Muka ɗunguma, Baba a gaba yana ɗingishi, gari a bayansa. Nan na gano kuskure na farko a aikina: da takuna na auna, na Baba kuwa rabin nawa ne. Wayar ta ce saura arba'in, ya ƙirga arba'in da ƙarfi ya tsaya, ya ga saura ashirin, ya ce ko ita ma ƙarya take yi. Kuskure na biyu ya fi girma. Kibiya ba ta san katanga ba. Ta kai shi tiryan-tiryan har bakin zauren Liman, tana nuna cikin gida, inda iyali suke. Baba ya ja birki, ya kauce dama don ya zagaya.

"Ina kuma za ka? Juyo."

"Hajiya, gidan mutane ne," ya ce wa wayar.

Ya ƙara taku biyar a bin katanga.

"Ina kuma za ka? Juyo."

"Ke ba a shiga, na ce. Zagayawa ni kai." Ya dubi Kawu. "Duk gidanku haka kuke, ba ku sauraren mutum."

Da muka karya kwana ta sauko, ta koma yauwa. Bayan gidan akwai rumbuna uku a kan duwatsu. A gaban na tsakiya Inna ta ce ga shi nan gabanka, buɗe idonka. Baba ya duba sama, ya duba jikin rumbu, ya zagaya shi sau biyu. Ni na san wayar kan yi kuskuren taku huɗu ko biyar, ina addu'a kada ya zama yau ne za ta yi na goma. Sai ya miƙa wa Kawu hularsa, ya durƙusa, ya kwanta rub da ciki ya zura hannu ƙarƙashin rumbun hagu. Kaza ta fito da gudu. Ya sake zurawa har kafaɗa, ya jawo jar fata.

Ya miƙe tsaye da kansa, ba wanda ya kama shi, ya ɗaga ta sama yana dariya, gabansa duk ƙasa.

"Ina gwiwar?" in ji Kawu.

Baba ya tuna, ya dafa ta.

Muka koma kan tabarmi. Na ciro biro na ce, cikin muryar da ta fi ta ɗazu fita kaɗan, ko zai taimaka ya sa hannu a littafin, don in babu sa hannunsa shekarata ta tafi. Ya karɓi biron ya ajiye a cinyarsa. Annurin nan ya ragu. Na lura sai a lokacin abin ya zauna masa, cewa ba wanda ya yi masa komai, kuma kajin nan da kansu suka mutu.

Ya ce ba zai rubuta ba sai na yi abin da ya kawo ni ƙofarsa sau uku na kasa. In nemi izini, yanzu, kowa na ji.

Na durƙusa. Na ce, "Baba, ina neman izini in ajiye gwangwani a kogon tsamiyarka."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Na maimaita, har mai kemis ya ce ya ji.

"Ban yarda ba," in ji Baba. Aka fashe da dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Ya buɗe littafin a gwiwarsa, ya daɗe yana rubutu da ajami, harshensa a gefen baki. Liman ya sa hannu a ƙasa a matsayin shaida. Da zan tafi Baba ya ja ni gefe ya ce ya riga ya aika wa surukansa a Bilbis cewa an yi masa sammu, sun ce za su zo jaje ranar Juma'a da kaji, saboda haka in na haɗu da wani ɗan can a mota in yi shiru, tunda na iya.

Ranar kare aiki na ajiye littafin a tebur gaban malamai uku. Fatar na bar ta a gida. Malamina ya juya shafin sama da ƙasa, ya miƙa wa na kusa da shi, wani dattijo da ya yi allo kafin boko. Ya gyara tabarau ya karanta a fili. Bayan sunansa da na garinsu, Baba ya rubuta: ni na gano shi da kaina, sau biyu.

"Sau biyu kamar yaya?" in ji Malam.

Na ce na farko ba da manhaja ba ne, na biyu da ita.

"Wato har ka gwada hanya biyu ka kwatanta," ya ce, ya dubi sauran yana gyaɗa kai. "To me ya sa ba ka sa wannan a babi na huɗu ba? Matsalarka ke nan, ba ka magana."

Ya ba ni kwana uku in ƙara shafi biyu a kan kwatancen, ya sa hannu, ya ce a kira na gaba.